Sheƙin Kwalar Kwat

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun farko, kuma ranar ba mai mantuwa ba ce a wurina. Direba nake a wata ma'aikata a Abuja. Da auren 'yar ogana ya matso, ya ba ni baƙar kwat a cikin leda, ya ce ita zan sa wurin liyafa. Ban taɓa sa kwat ba (ni da kaftani muka saba). Ko buɗe ledar ban yi ba na kai gida Kurudu, na miƙa wa matata, Maman Ummi, ta goge.

Ranar biki na ɗauko, sai na ga kwalar nan da ke naɗe a ƙirji tana sheƙi, sauran jikin kuwa ba ya yi. Na san irin sheƙin nan, shi dutsen guga ke bari in ya yi zafi da yawa. Da na tambayi Maman Ummi, ta ce haka ta gan ta. Na shinshina ban ji ƙauri ba, sai na ce turare ta fesa don ta ɓoye. Har dutsen na juya ina neman shaida.

"Baban Ummi, a kan riga zan yi maka ƙarya?"

Na ce in oga ya gani ya kore ni, ita ta jawo. Ta shige ɗaki.

Sai dabara ta zo mini. Na warware naɗin, na haɗe ɓangarorin biyu har maƙogwaro, na soke da fil. Haka na shiga zauren da tsakar rana, gumi na bin bayana. Abokan ango suka shigo a jere, kowa kwalarsa na walƙiya. (Wallahi sai da na fara zargin ko duk matansu ne suka ƙona.)

Oga ya hango ni, ya tambaya ko zazzaɓi nake yi. Ya zare fil ɗin da kansa a gaban baƙi, yana dariya yana bayani. Wai da can Turawa har wuya suke sa wa rigar maɓalli, in zafi ya dame su sai su naɗe ta baya, cikinta ya fito waje. Shi ya sa teloli suka koma yi wa wurin shafi da yadi mai sheƙi. Sunan kwalar ma a Faransanci, in ji shi, juyayyen abu yake nufi.

A hanyar komawa gida na gane ba wanda ya kai ni saurin yanke hukunci a kan abin da ban sani ba.

Na sami matata tana wanke-wanke, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Maman Ummi, ba ki ƙona komai ba. Ni ne ban san kwat ba, kuma na ƙaryata ki. Don Allah ki yafe mini."