Ranar da Na Tuhumi Uwa da Ƙin Ɗanta

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsaya cikin farar riga na tuhumi wata uwa da ƙin ɗanta. Na so in manta, abokan karatuna ne suka hana.

Lokacin na yi nisa a lakol, wato makarantar likitanci, kuma tun shigarmu ban taɓa sauka daga sahun farko ba. Wani mushe, malaminmu, ya taɓa gaya mana cewa ɗalibin da ya yarda zai iya, shi ne yakan iya. Ya ci gaba da bayani, amma ni a nan na toshe kunne. Na rataya maganar a wuya kamar laya. Ana fara tambaya hannuna na sama. (Abin da ke ba ni haushi har yau, maki bai taɓa ƙaryata ni ba. Da ya yi sau ɗaya, da ya cece ni.)

Aka tura mu koyon aiki wani asibiti a ƙasar Agiye, ni da Habsu, 'yar ajinmu wadda ba ta buɗe baki sai da "wataƙila". Na ji daɗi, domin ni ɗan Cadawa ne, gida na zo. Babbar likitar wurin, wadda kowa ke kira Madam, ita ce za ta yanke ko mun ci ko mu maimaita. Ranar gwaji ta ce kowannenmu zai karɓi maras lafiya a gabanta. Na ce ni zan fara, ba tare da an tambaye ni ba.

Wata tsohuwa Bafulatana ta shigo ɗauke da yaro da bai wuce yaye ba, jikinsa sharaf. Bayanta wata matashiya ta zauna can bakin ƙofa, ta juya fuska ga bango. Labule kawai ya raba mu da matan da ke jiran layi.

"Wace ce uwar yaro?"

Tsohuwa ta nuna matashiyar da haɓa.

"Baiwar Allah, yaya sunansa?"

Ta shiga wasa da bakin mayafinta.

"Yaushe zazzaɓin ya fara?"

"Inna ta sani," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Ke, ɗanki ne ko ba ɗanki ba ne?"

"Na mutanen gida ne."

Nan take kaina ya buɗe shafin littafi. Uwa ba ta duban ɗa, ba ta ɗaukarsa, ba ta ma faɗin sunansa. Na juya ga Madam na zuba mata Faransanci: alamun sakaci ne, ko kuwa ciwon damuwar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, a binciki gidan. Na faɗa tiryan-tiryan, har ina jin daɗin muryata. Habsu ta ja hannun rigata.

"Wataƙila ɗan fari ne," ta ce a hankali.

"Ba wataƙila muke yi a nan ba," na ce mata.

Da a Faransancin na tsaya, da abin ya mutu tsakaninmu mu uku. Amma na so Madam ta ga na iya magana da jama'a. Na fuskanci matar na ɗaga murya.

"Ke wace irin uwa ce? Ɗanki na kwance a hannun wata, ko kallonsa ba kya yi! Ba kya tsoron Allah?"

Matar ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Tsohuwa ta miƙe, yaro a kafaɗa.

"Kai yaro! A wane daji aka haife ka? Ɗanta na fari ne! So kake ta kama sunansa a gabana, ni uwar mijinta? Tun da ya kwanta ba ta sa ko fura a baki ba. Ita ta goyo shi a ƙafa tun daga ruga, sai a ƙofar nan ta miƙo mini. Mu da fulako, kunyarmu ta Fulani, aka san mu. Kai ɗan wa ne, mara kunya?"

Wata murya ta amsa mini daga bayan labule.

"Ai na san shi, Inna, ɗan Rabi mai ƙosai ne ta Cadawa. Shi ma ɗan fari ne! Uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, 'wancan' take ce masa."

Layi gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Gaskiya matar ta faɗa. Da bakina na sha ba abokai labarin cewa ban taɓa jin sunana daga bakin mahaifiyata ba, ina alfahari. Abin da na tashi a cikinsa ke nan, aka ajiye shi a gabana, ni kuma na nemo masa suna a littafin Turawa.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta karɓi yaron, ta taɓa goshinsa, ta duba idanunsa, ta sa Habsu ta yi gwajin jini. Zazzaɓin cizon sauro ne, aka fara magani nan take. Ta sa na durƙusa na ba matar haƙuri, sannan ta kira ni buro, ofishinta.

"Ka san me ya fi ɓata mini rai?" in ji ta. "Ba al'adar da ka manta ba. Duk jawabin nan da ka yi, hannunka bai taɓa jikin yaron ba. Za ka maimaita."

Na maimaita. Habsu ta wuce, da wataƙilarta. Kafin la'asar labari ya shiga wayoyin 'yan aji, kuma daga ranar sunana ya koma Wancan. Wasu ma da na koya wa darasi da kaina suna cikin masu kira. Na yi fushi da su, da matar bayan labule (wa ya tambaye ta?), da Habsu da ba ta ja rigar da ƙarfi ba. Duk da haka babu wanda na kai wa fushin da na kai wa kaina.

Yaron ya warke. Har aka sallame su ban ji sunansa ba, kuma ban sake tambaya ba.

Abin da na koya bai da yawa. Yarda da kai na kawo maki, ban musa ba, na gani a takarda. Sai dai takarda ba ta da uwar miji, ba ta kuma san uwarka ba. Yanzu in maras lafiya ya shigo, hannuna ke fara zuwa, bakina ya bi layi.