Rasuwar Firijinmu, Wanda Aka Soka da Wuƙa Saboda Kwalbar Lemo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni uwar yaran gidan nan nake sanar da 'yan'uwa, surukai, maƙwabta da duk wanda ya taɓa aiko kofi yana neman ƙanƙara, rasuwar firijinmu, wanda yara ke kira Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi a lungunsa na kicin, tsakanin buhun shinkafa da tsintsiya. Na san ba shi da rai, Allah ya yafe mini, amma wallahi salatin da na saki sai da matar maƙwabcinmu ta rugo da ɗankwali a hannu.

Marigayin ya shigo gidan nan ina da cikin 'yata ta biyu, ga ta yanzu ta fi ni tsawo. A duk shekarun nan bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Ƙafarsa ɗaya gajera ce, da ninkakken kwali muka tokare ta, kuma a haka ya yi ta tsayuwa. Ƙofarsa ba ta rufuwa sai an bangaje ta da ƙugu. Fitilar cikinsa ta daɗe da mutuwa, da lalube muke ɗauko tukunyar miya, amma miyar ba ta taɓa yin tsami a hannunsa ba. Maganarsa kaɗan ce. Idan yana cikin nishaɗi sai ya ce "hmmmmm", idan wuta ta dawo ya girgiza kafaɗa ya ce "kar-kar-kar" sannan ya koma bakin aiki. Bawan Allah ne mai riƙon amana.

Sai dai tunda gawa ce a gabanmu, ba za a yi ƙarya ba. Dattijo ya yi mugayen abokai. Lemon kwalba, lemon gwangwani, mai kalar ja da ke rina harshe, da wanda aka ce yana ƙara ƙarfi, duk a cikinsa suke kwana. Ba shi ya gayyato su ba, Baban yara ne. Shi tela ne, a ɗakin gaba yake ɗinki, kuma ba ya taka keke sai da kwalba mai raɓa a gefensa. Da safe fsss, da rana fsss, bayan abinci fsss, wai don abincin ya sauka.

Abincin kuwa bai sauka ba. Cikin mutumin nan ya kumbura ya zama ganga. Sai ya kwana biyu, ya ƙara, bai zagaya ba. Gyatsarsa daga kicin nake jinta. Ga iska. Sai ya ɗaura alwala, kafin ya kai kan sallaya ka gan shi ya juyo da buta yana kallon ƙasa. Da hannunsa ya warware ƙugun wandunansa duka ya ƙara musu faɗi, ya ce wai yadin ne ke tsukewa.

Da kyar na ja shi asibiti. Likitar ta danna cikin, ta tambaye shi me yake sha, ya ce ruwa. Na ce a'a, ranki ya daɗe, ruwan mai kumfa ne. Ta ce a hanjin mutum akwai wasu ƙananan halittu masu taya shi narkar da abinci, yawan sukarin nan yana dagula musu zama, iskar kuma tana ƙara hura cikin. Ni dai abin da na gane, baƙi ne suka cika gida har masu gida suka rasa wurin aiki. Ta ce ya bari, ya koma ruwa da 'ya'yan itace, ya dawo ta duba shi ƙarshen wata. Ya ce in sha Allah. Na dawo na kwashe abokan nan kaf, na zuba gwanda da kankana da gorunan ruwa. Matar mai shagon bakin layi ƙawata ce, na ce mata ko ƙwaya ɗaya kada a sayar masa.

Ashe ya tsira da kwalba guda. Ya cusa ta can ƙuryar ɗakin ƙanƙara, inda ya san hannuna ba ya kaiwa, ƙanƙara kuma ta bi ta haɗiye ta. Ranar Talata ina waje ina shanya, ya ɗauki wuƙata ta yankan nama ya shiga sassaƙa. Sai na ji Dattijo ya ce "tssssssss", doguwa, mai ban tausayi, wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Na shigo na tarar da mutumina tsaye, wuƙa a dama, kwalba a hagu.

"Baban yara, me ka yi?"

"Ƙanƙara nake rage miki. Taimako ne."

"Taimakon ne wannan a hannunka na hagu?"

Ya kalli kwalbar. Ta daskare ta tsage tun a ciki, ko kurɓa ɗaya bai samu ba.

Mai gyara ya zo, ya kara kunne, ya girgiza kai. Ya ce wuƙar ta huda bututun iska, kuma ko an liƙe, injin ya riga ya gaji da duniya. "Mama, sai haƙuri," in ji shi. Muka yi haƙuri.

Marigayin ya rasu ya bar tiren ƙanƙara biyu, ɗayan a fashe, da aljihun kayan lambu wanda Auta ya riga ya gaje ya zuba safarsa, da kwalin ƙafa, da kuma amininsa Baban yara, wanda tun ranar bai iya haɗa ido da lungun ba.

To amma jama'a, ku taya ni murna, wato ku taya ni jimami. Wani da yake wa ɗinki ya kawo wa Baban yara lemo washegarin rasuwar, ya kurɓa da ɗuminsa, ya ce kamar ruwan wanka, ya ture. Ruwa yake sha yanzu, yana cin gwanda yana harararta. Jiya Juma'a da safe ya shiga bayi, ya daɗe, ya fito yana sheƙi, ya ɗaga hannu biyu ya ce "Alhamdulillahi!" da muryar da sai da yara suka tafa. Alwala ɗaya ta kai shi masallaci ta dawo da shi. Abin da na yi shekaru ina faɗa da baki, Dattijo ya yi shi da numfashinsa na ƙarshe.

Za a fitar da gawar gobe bayan karin kumallo. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa, kuma Baban yara ne zai kama ta wajen ƙafa, inda ya fi nauyi. Masu zuwa gaisuwa za su sha ruwa yadda Allah ya halicce shi, ba ƙanƙara. Duk wanda ya shigo mini da kiret ɗin lemo, da shi da kiret ɗin za a ɗora su a kura ɗaya.

Saƙo na musamman ga ƙanin maigida, wanda ya yi waya ya ce zai kawo mana sabo. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi, amma kicin ɗina yana zaman makoki har likita ta sake danna cikin yayanka. In kuma zumunci ya matsa maka sai ka kawo, to ka kawo mai makulli, kuma makullin a hannuna za ka damƙa.