Ranar da Gwamnati Ta Rubuta Ba Ni da Yatsu

Jama'a, yau da safe na fita daga gida da yatsu goma cif, da su na ɗaure igiyar takalmina. Kafin rana ta take, gwamnati ta tabbatar a rubuce cewa ba ni da ko ɗaya. Ku gyara zama in ba ku labari, don ni kaina har yanzu nakan ɗan duba hannun lokaci-lokaci.

Kun dai ji sanarwar da aka yi ta kwarara mana a rediyo. Duk mai layin waya ya je ya dangwala yatsa a na'ura, in ba haka ba ranar Juma'a a rufe layin a ba wani lambar. Mai Girma Babban Mai Sa Ido a Kan Talakawa, Allah ya ƙara masa gani, ya ce so yake gwamnati ta san kowa, ta san inda kowa yake, ta san da wa yake magana. Wallahi na ji daɗi. Shekarata hamsin da biyu a duniya ba a taɓa cewa ana son a san ni ba. Ramin da ke bakin titinmu ya girmi ɗana na fari, har yau ba wanda ya zo ya gaishe shi daga ofis, amma ni ga shi an tuna da ni.

Da don ni kaɗai ne, su rufe mana, in huta da masu kira suna tambayar ko rigarsu ta bushe. Wanki da guga nake yi, shekara talatin ke nan. Amma akwai Inna. Mahaifiyata tana ƙauye wajen yayata, idonta ya yi rauni, ba ta karatu, kuma lamba ɗaya tak ta sani a duniya, tawa. Ba ma lambar ta haddace ba, yatsanta ne ya haddace hanya a kan maɓallan tsohuwar wayarta: sama, tsakiya, tsakiya, ƙasa, haka dai har ta iso wurina. Yaya ta yi wata guda tana koya mata lambar mijinta, ƙarshenta wani mai facin taya a wani gari ta riƙa samu, har suka saba. In aka rufe layina, Inna za ta bi hanyar da ta sani, baƙo ya ɗauka. Abin da ya sa na bar tulin kaya a jiƙe a baho na kama hanya ke nan.

Na tarar da jerin mutane ya fito daga ofis, ya zagaye katanga, ya dawo yana kallon kansa. A gabana akwai maƙwabcina da muke kira A-Can. Ya yi shekara huɗu a wata ƙasa mai sanyi, ya dawo da hular ulu da wannan kalma, ba ya buɗe baki sai da ita. A bayana kuma wani direban babbar mota ne, mai tsallaka iyakoki, cikinsa ya riga shi shiga kowane zance.

A-Can ya gyara hularsa ya ce, "A can, gwamnati ba ta isa ta taɓa yatsanka ba sai ta nemi izini. Sirrin mutum abu ne mai daraja. Shekara huɗu muna bene ɗaya da wani mutum, ƙofa na kallon ƙofa, ban san sunansa ba, bai san nawa ba."

Na ce, "To in ya kwanta ciwo wa ke duba shi?"

Ya ce, "Ai ya ma rasu. Sai bayan sati uku aka sani."

Na ce, "Allah ya ji ƙansa. Ya tafi da sirrinsa ba wanda ya taɓa masa."

Direba ya yi tsaki ya ce wannan ba ci gaba ba ne, shi ya ga ci gaba da idonsa. Akwai ƙasar da yake kai kaya, kowane turken wuta da kyamara a kai. "Malam, na taɓa tofar da yawu ta taga a kan babbar hanya. Ina isa iyaka jami'i ya juyo mini da kwamfuta. Ga ni, ga taga, ga yawun nan yana cikin iska bai ma sauka ba. Amma fa ka ajiye wayarka a kan benci ka je ka yi wanka ka dawo, tana nan."

A-Can ya ce, "Wannan ai kurkuku ne."

Direba ya ce, "Kurkukun da ba a sace waya."

Suka kaure. Ɗaya na cewa 'yanci, ɗaya na cewa tsaro, har wata mata mai goyo ta ce su yi wa Allah su rage murya, yaronta bai san siyasa ba. Ni dai na shiga lissafin namu tsarin, don mu ba na farko ba ne, ba kuma na biyu ba. A nan gwamnati ba ta san komai a kanka ba, maƙwabta kuwa sun san har abin da kai ba ka sani ba. Mai shagon kwanar titinmu yana gane wanda ya yi faɗa da matarsa daga yadda ya ce a ba shi ashana. Ni kaina, in masu girma na neman bayanan sirri, su daina wahalar da na'ura su zo shagona. Ni nake zazzage aljihun unguwa. Na san wanda ya rantse ya daina shan taba bai daina ba, na san wanda ke cewa yana tafiyar aiki alhali wandonsa bai ga ƙurar hanya ba. Kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai maiɗakina.

Bayan awa huɗu muka shiga. Ɗaki ne mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole. Na'urori uku aka sayo, biyu suna cikin kwali har yanzu, an ɗora musu butar shayi. Jami'in da ke zaune saurayi ne mai ladabi, sai dai wanda ya goge masa kwalar riga bai ji tsoron Allah ba. A-Can ya dangwala, wuta ta yi kore, ya tashi yana gunagunin cewa a can ba a yi wa mutum haka. Ya tsaya a bakin ƙofa wai yana jira na.

Na zauna na ɗora babban yatsa a kan gilashin. Wuta ta yi ja.

Jami'i ya ce, "Baba, goge shi a wando." Na goge. Ja. Ya ce in hura masa iska. Na hura. Ja. Ya ce in shafa shi a goshi ya ɗan sami maiƙo. Na shafa har goshin ya yi zafi. Muka bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu, har ɗan ƙaramin da ba ya aikin komai sai susar kunne. Duk ja.

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Inda na sauran mutane ke fitowa da zane-zane, nawa sumul yake kamar bayan ƙwai. Ya ce, "Baba, wace sana'a kake yi?" Na faɗa masa. Ya ce, "Shi ne. Sabulu ya cinye zanen. Ka bar wanki sati uku, ka riƙa shafa mai safe da yamma, zai tsiro."

Na ce, "Ɗana, Juma'a jibi ce."

Ya je ya kira shugabar ofis. Ta zo da tabarau a kan hanci, ta kama hannuna ta juya shi ta sake juyawa, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce na'urar daga wata ƙasa aka kawo ta, kuma a ƙasar inji ne ke wanki. Waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa ganin mutumin da sabulu ya shafe wa yatsa ba, saboda haka gida biyu kawai suka yi mata. Ta nuna mini da bakin biro. Gida na farko: yatsu sun hau. Gida na biyu: ba shi da yatsu.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba gida na uku? Na wanda yake da su amma sun sha aiki?"

Ta ce, "An rubuta wa kamfanin tun bara. An ce kwamiti zai zauna."

Allah ya ba kwamiti kujera mai laushi. Masu girma sun tafi ƙasar har sau uku don ganin yadda na'urar ke aiki, kowace tafiya da 'yan rakiya da masu riƙe jaka, amma ba wanda ya tuna ya ɗauki mai wanki ɗaya ko magini ɗaya a gwada da hannunsa. Ban ga laifinsu ba. Su nasu yatsun ba abin da ya taɓa goge su, ko yaushe suka dangwala kore ne.

Shugaba ta ce, "Baba, zaɓi naka ne. In na danna na biyu, layinka ya tsira yanzun nan. In ba ka so, sai ka jira zanen ya fito, amma lambar ta tafi."

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo. Ni ba ni da gona, ba ni da takardar makaranta mai hatimi, hannun nan kaɗai na mallaka. Da shi na ciyar da 'ya'ya biyar, da shi na yi wa Inna rufin ɗaki. Akwai bayin Allah da suka rasa yatsunsu da gaske, gidan nan nasu ne, ni ina zan shiga in tsaya a cikinsa da ƙarya? Na buɗe baki zan ce a bar shi. Sai na hango tsohuwa zaune a bakin gado tana lalube, sama, tsakiya, tsakiya, ƙasa, wani ƙato ya ɗauka ya ce mata ba ya nan.

Na ce, "Danna."

Ta danna. Wuta ta yi kore a karo na farko. Jami'i ya miƙo mini biro na rubuta sunana a ƙasan takardar, ya yaba kyan rubutuna. Da aka zo ɗaukar hoto ya ce, "Baba, don Allah mayar da hannuwanka baya, kada hoto ya saɓa wa takarda."

Na fito ban ga A-Can ba, ashe ya tafi. Na tsaya a gindin bishiyar ƙofar ofis ina jiran mota, raina a jagule. Ban yi rabin awa ba waya ta yi ƙara. Inna ce, kuma kuka take yi.

"Auta, Auta, kai ne? Me ya same ka? An ce inji ya cinye maka hannuwa."

Daga baya na bi sawun labarin. A-Can, mai kare sirrin ɗan Adam, tun yana bakin ƙofa ya kira matarsa ya ce an rubuta mai guga ba shi da yatsu. Matarsa ta faɗa wa mai kitso cewa na rasa yatsu a ofis. Mai kitso tana da ƙanwa da ke aure a ƙauyenmu. Kafin zancen ya isa ɗakin Inna, hannu biyu sun tafi har gwiwa. Gwamnati ta yi awa biyar kafin ta san ni, ta kuma san ni ba daidai ba. Unguwa ta yi minti ashirin ta kai labari ƙauye, ita ma ba daidai ba, amma ko ba komai ba ta sa ni bin layi ba.

Na ce, "Inna, lafiyata ƙalau. Takarda ce kawai."

Ta ce, "Ƙarya kake, haka ubanka yake ɓoye ciwo. Wa ya riƙe maka wayar?"

Na rantse, ta ƙi. Na ce ta ba Yaya, ta ce ai Yaya tana tsakar gida tana nata kukan. Can ta ja hanci ta ce, "To in da gaske kake, tafa in ji."

Na ɗora wayar a kan katangar ofis, na matso kusa, na shiga tafi. Ta ce ba ta ji sosai. Na ƙara ƙarfi. Ina cikin haka sai ga jiniya, ga motoci baƙaƙe sun jeru, wani mai girma daga cikin masu girma ya zo duba yadda aiki ke tafiya. Ya sauko, ya ga dattijo shi kaɗai a rana yana tafi da dukan ƙarfinsa, hawaye na bin fuskarsa. Ya dafa ƙirji, ya ɗaga mini hannu. Mai ɗaukar hoton talabijin ya rugo ya kafa mini kyamara a fuska. Ni kuwa ban tsaya ba, don ta cikin wayar na ji kukan tsohuwa ya koma dariya, tana cewa, "Su ne, su ne, na san ƙararsu. Allah ya yi maka albarka, je ka ci abinci."

Saboda haka in kun kunna talabijin kuka ga an ce talakawa sun yi na'am da sabon tsari har wani ya fashe da kukan murna, ku duba da kyau, ni ne. Kada ku gaya wa mai girma, ya ji daɗi sosai. Uwata nake yi wa.