Farfesan Tarwaɗa Ya Karrama Baƙinsa

Duk wanda ya ce Ngaski ba ta da masana, bai taɓa ganin Malam Hammadu yana sauka daga babur ba. Sai ya kafe shi, ya goge tabarau, ya gyara biro huɗun da ke aljihunsa, sannan ya amsa gaisuwa. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi kujeru suka yi yawa, sai Allah ya ɗaga shi daga mai kula da sito zuwa jami'in kiwon kifi. Bai iya iyo ba, ƙarnin kifi kuma yana tayar masa da zuciya, amma ya yi kwas na kwana biyar a Kudu. Mutanen Wara suna kiransa Farfesan Tarwaɗa, shi kuwa har ya fara tunanin sa sunan a ƙofar ofis.

A kwas ɗin an koyar da abu mai amfani. 'Ya'yan kifi sababbin ƙyanƙyasa ba sa cin dusa, sai ƙananan ƙwarin ruwa masu rai. Akan kaɗa 'yan ɗigon man gyaɗa da gwaiduwar ƙwai, a zuba wa ƙwarin a bokiti daban su sha su yi ƙiba, sannan a tace su, a ɗauraye, a ba kifin. Malam Hammadu ya saurara har zuwa ɗigon mai, sai ya fita kasuwa neman jakar hannu da ta dace da matsayinsa.

Tamada masunci ne a Wara. Da kamu ya ja baya a tafki, ya sayar da jirginsa ya gina tanki biyu na siminti a bayan gida. A makon nan ne 'ya'yan tarwaɗarsa na farko suka ƙyanƙyashe, dubbai, sirara kamar gashin gira. In sun rayu, gidansa ya tsaya. In sun mutu, ba shi da jirgin komawa ruwa.

Farfesa ya zaɓi ranar kasuwa don a samu masu tafi. Ya zo gidan Tamada da mai hoto, da galan ɗin man gyaɗa daga wurin Zuliha mai ƙuli-ƙuli, ya hau benci.

"Jama'a, yau kimiyya ta iso Wara. Masana sun gano abin da ya gagari kakanninku: kifi ma yana son maiƙo. Su can Kudu ɗigawa suke yi, don rowa ce al'adarsu. A nan wa ya taɓa auna wa baƙo mai? Sai ya kwanta a kan miya ake cewa an karrama mutum. Waɗannan kuwa baƙin gwamnati ne."

Tamada ya matso, hula a hannu. "Ranka shi daɗe, ko man inji ya malala bakin gaɓa, ƙananan kifi kan taso ciki sama. Maiƙo rufe ruwa shi kai, su kasa numfashi."

"Malam Tamada, kai kamun kifi ka sani. Ni kifin kansa na karanta."

"To a gwada tanki guda, yallaɓai, a bar mini guda."

"Gwamnati ba ta nuna bambanci."

Ya raba galan ɗin daidai, rabi nan rabi can, a hankali, don mai hoto ya samu kwararar. Ruwan ya yi ƙyalli. Aka tafa. Zuliha ce kaɗai ba ta tafa ba, tana kallon manta kamar an zubar mata da shi a rairayi.

Kafin la'asar Tamada da matarsa sun gaji da yaɗe man da ƙoƙo da tsohon zane. Babu sauran abin da ke motsi a tankunan.

Aka kira Farfesa. Ya ɗauko gawa ɗaya a bakin biro, ya ɗaga ta sama, ya daɗe yana dubawa ta saman tabarau.

"Ku lura da yadda take sheƙi," in ji shi. "Babu ko ɗaya da ya mutu da rama. Ɓangaren gina jiki ya yi nasara. Saura kifin ƙasarmu ya saba da ci gaba."

Tamada ya tambaye shi abin da iyalinsa za su ci. Farfesa ya dafa kafaɗarsa, ya ce gwamnati ba ta manta da masu sadaukarwa.

Bai yi ƙarya ba. Bayan mako uku takardar yabo ta iso, da hatimi da zanen kifi a samanta, tana shaida cewa Tamada ne mai kiwon kifi na farko da ya rungumi kimiyya a Ngaski. Masinja ya same shi a bakin gaɓa, cikin layin masu jiran a ɗauke su jan taru a jirgin wani.