Shari'ar Barewa Mai Gudawa

A wani daji mai tafki ɗaya tak, dabbobi sun yi suna wajen kunya. Wanda ya karye a ƙafa yakan faɗa a bainar jama'a, a yi masa jaje. Amma ciwon da ya gangara ƙasa da haƙarƙari, wannan ba a kama sunansa. In ya kama dabba, sai a ce sanyi ne.

Farkon wata damina ruwan tafkin ya sauya launi. Ba a jima ba manya suka soma ramewa, har aka binne tsohuwa Bushiya, aka ce sanyi ne. Barewa mai sayar da zogale ce ta fasa ƙwai. Ranar kasuwa ta miƙe gaban kayanta ta ɗaga murya:

"Jama'a, ni dai gudawa nake yi, har da jini! Tun da na sha ruwan tafkin nan ta kama ni, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ku zo mu haƙa rijiya kafin mu bi Bushiya!"

Kasuwa ta ruɗe. Masu riƙe da zogalenta suka zubar suka goge hannu. Kafin yamma majalisa ta aiko mata da sammaci.

Ran shari'a daji ya cika ya batse. Birai sun kama rassan kuka tun da sassafe, zomaye na ɗage a bayan kunkuru, ana ta rige-rigen wuri. Bauna, shugaban majalisa, ya zauna a tsakiya, Jimina uwar ladabi a damansa. Dila mai gabatar da ƙara ya miƙe yana karkaɗa wutsiya.

"Ranka ya daɗe, iyayenmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan baiwar Allah ta kwance mana zani a kasuwa, gaban baƙi. Gobe wa zai nemi 'ya'yanmu? Ruwan tafkinmu kakanni suka sha, mu ma shi muke sha, ga mu garau. Ina roƙon a kore ta daga... daga..." Ya tsaya, ya matse ƙafafu. "A gafarce ni, na tuna na bar ƙofar ramina a buɗe."

Ya fice kamar kibiya. Birai suka tafa, sun ɗauka salon magana ne.

Jimina ta miƙa wuya. "'Yata, ba ciwon muke zargi ba, bakin muke zargi. Mace ta gari ko cikinta na yanka da wuƙa murmushi take yi. Ni da kike gani, tun da aka ƙyanƙyashe ni ban taɓa..." Gumi ya karyo mata. "Bari in leƙa ƙwaina in dawo." Duk daji ya san rabonta da ƙwai tun bara.

Aka ba Barewa dama. Ta miƙe tsaye ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ma da kunyata, sai da na yi ta ɓoyewa har na kasa ɗaukar kwandona. Ku kore ni in kun so, amma tafkin yana nan, kuma 'ya'yanku za su sha shi da yamma."

Bauna ya gyara murya zai yanke hukunci, sai cikinsa ya yi wani ƙugi da ya tashi tsuntsaye daga kan kuka.

"Hadari ne ya taso daga gabas," in ji shi.

Kowa ya ɗaga kai. Sama tas, ko gajimare babu. "Hadari ne, ranka ya daɗe!" fadawa suka amsa.

"An ɗage zama!" Bauna ya faɗi rabin maganar a zaune, rabin a guje. Ai kuwa kamar jira ake. Gwanki ya tsallake Kura, Kura ta bangaje Gada, birai suka zubo kamar 'ya'yan kanya, ƙura ta turnuƙe, kowa ya nufi bayan dutse. Can Bauna ya tarar da Dila a tsugune bayan wata sabara, Jimina a bayan ta kusa.

"Ranka ya daɗe, iyakar daji aka zo dubawa?" in ji Dila.

"Ita fa," in ji Bauna. "Yaya ƙofar ramin?"

"An kusa rufewa."

Da la'asar majalisa ta dawo, fuskoki sun faɗa. Bauna ya sanar da hukunci: an sami Barewa da laifin sakin baki, kuma horonta shi ne ta haƙa rijiya, saboda baƙi masu wucewa. Ba ta kai ga sara na uku ba dabbobi suka rufe wurin. Dila na tono da ƙafa huɗu, Jimina na watsa ƙasa, Bauna da kansa ya sa ƙaho, wai suna tabbatar da ta yi horon yadda ya kamata. Da ruwa ya ɓullo, guɗar da aka rangaɗa sai da ta kai dajin maƙwabta.

Sanyi ya bar dajin, manya suka mayar da jikinsu. Barewa ma ta warke, sai dai zogalenta ya jima yana bushewa a kwando, don har yau ita kaɗai ce ta taɓa yin ciwon ciki a dajin nan.