Shanun Baffa a Cikin Ordinatar

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da shanun gidanmu suka tona mini asiri a Mayahi, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba ta wurin.

Ni ɗan makiyaya ne daga Cake, wanda aka kai lakwal, wato makarantar boko, ya koyo aikin ordinatar, wato kwamfuta. Ƙungiyar makiyaya ta ɗauke ni na rubuta musu manhajar da ke tura saƙo a waya, tana sanar da mutane gari da ranar allurar rigakafin dabbobi. A harshen PHP na rubuta ta. To, shi mai rubuta kod, duk abin da ya ajiye a ciki sai ya raɗa masa suna: wannan gari, wannan rana, wannan lambar waya. Masu hankali haka suke sa sunan. Ni kuwa sunayen shanun Baffana na bi na raɗa musu, Gurguwa, Mai-tozo, Jan-kunne, wai ai makiyayi ba ya manta dabbarsa (ka ji wayo irin na wanda ba a tambaya ba).

Da aka kwana biyu sai aka kawo Hadiza, wata ƙwararriya daga Tasawa, ta mayar da manhajar harshen Python. Ta buɗe, ta duba, ta ce, "Malam, mi Gurguwa take yi a nan?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata matsalar 'yan Python ke nan, komai sai an tauna an ba su a baki. Ta ce, "Harshen ba shi da laifi. Ko da Larabci ka rubuta wanga abu, ba mai karanta shi." Na yi tsaki na fita.

Ana cikin haka likitan dabbobi ya aiko cewa an ɗaga allurar daga Gidan Amumune zuwa Cake. Dole saƙo ya fita a ranar, in ba haka ba mutane su kora garke zuwa inda ba kowa. Hadiza ta ce ba ta taɓa abin da ba ta gane ba. Na ce ta matsa, mai shanu ya zo. Na duba, na duba. Wallahi kamar wani ne ya rubuta. Amma girman kai ya hana ni faɗa. Na canza Mai-tozo na sa Cake a ciki, na tura.

Ashe Mai-tozo sunan garin da mai karɓar saƙo yake zaune ne. Garin allura yana cikin Jan-kunne, ban taɓa ta ba.

Ranar allura likita ya wuni a Cake yana kallon ƙanƙarar da ke sanyaya maganin allurar tana narkewa, garkuna kuma suka yi cincirindo a Gidan Amumune cikin rana, ba ruwa, ba allura. Haushin da mutane suka ji ba a magana.

Aka kira taro. Dattawa suka zauna, har da Baffa, aka ce Hadiza ta yi bayani. Baiwar Allah ba ta ƙara gishiri ba, karantawa kawai ta yi da ƙarfi: "In Gurguwa ta yi daidai da Mai-tozo, a aika Jan-kunne."

Baffa ya gyara rawani ya ce, "Tsaya ɗiyata, shanuna ne nike ji?" Ta ce su ne. Ya juyo ya dube ni. "Kai da ko a daji ba ka iya bambance su? Ai don haka muka kai ka lakwal!"

Ɗakin ya kece da dariya, har wanda ya zo da niyyar zagina sai da ya riƙe ciki. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Ba a kore ni ba, an dai ɗora ni ƙarƙashin Hadiza, kuma har yau in ta ga na rubuta abin da bai fito fili ba sai ta ce, "Wagga kuma wace saniya ce?" Yanzu kowane harshe zan rubuta, don mutumin da zai karanta bayana nake rubutawa, tunda na gano mutumin nan galibi ni ne, kuma ba shi da ƙwaƙwalwar da yake taƙama da ita. Sunan da na sa a gurbin Jan-kunne kuwa shi ne garin_da_za_a_yi_allura. Dogo ne, amma bai taɓa kai garken kowa Gidan Amumune ba.