Fitilar Zabin Gwaggo

Ko na manta komai na makarantarmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zaɓi 'yan gudun miƙa sanda ba.

Ni mai kunya ce. Idan malami ya kira sunana a aji, teburi nake amsa wa. Amma ina da gudu, kuma ina son shiga cikin 'yan matan da za su wakilci makaranta. Matsalata ɗaya: jijiyar bayan cinyata ta dama, da na tsananta gudu sai ta ɗaure.

Malamar wasanninmu, Madam Efua, 'yar kudu ce, tana da wata fitila mai jan haske a ɗakin ajiye ƙwallaye. Ta ce hasken yana taimaka wa jijiya ta saki, idan an haɗa da miƙe jiki. Sai dai dole ki naɗe wando har cinya, ga taga ba labule, ga maza suna wucewa kamar an aike su. Na leƙa sau ɗaya na juya. Amma na lura da fitilar sosai: ja ce, tana da ɗumi, kuma gefenta ya ɗan lotsa. Sak irin wadda Gwaggo Azara take kunna wa 'ya'yan zabinta a gidanta da ke Gbalahi. (Har lotsawar iri ɗaya, wannan ne ya gama gamsar da ni.)

Ranar Asabar na hau yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, na tafi. Na yi wa Gwaggo bayani, ta ce, “To shiga, amma kar ki taka mini ɗiya.” Na zauna kan buhu, na miƙa ƙafa ƙarƙashin fitila, na yi ta miƙe jiki don in rage zaman banza. 'Ya'yan zabi suka hau ƙaurina suka yi barci. Haka na riƙa yi duk ƙarshen mako, ba wanda ya sani.

Ranar zaɓe ta zo. Muna layi a fili, makaranta duka ta fito, sai na ji ƙarar babur ɗin da na sani. Gwaggo ce, ta ratso ta tsakiyar fili, da ƙunshi a bayanta. Ta tsaya gaban Madam, ta kwance ƙunshin, ta ɗaga fitilar zabin sama. Gashin zabi a manne, da wani abin da ba gashi ba.

Da Hausarta da ba ta cika raba mace da namiji ba, ta ce, “Madam, ina kwana. Yarinya bai zo Asabar ba, na ce kar ƙafa ya riƙe shi. Ina soket ɗinku?”

Madam ta ce, “Mma, wannan na mene ne?”

“Na zabi ne. Tare suke sha. Sun saba da shi sosai paa, in ya zauna duk sai su hau.”

Dariyar ta faro daga 'yan aji uku, ta zagaye fili kamar wuta a ciyawa. Wani ya fara kukan zabuwa, sauran suka karɓa. Ni kuwa ina kallon igiyar takalmina, na lura gefe ɗaya ya fi tsawo. Madam ta juya baya, kafaɗunta suna rawa, sannan ta dawo ta ce a hankali, “Wannan ɗumi kawai yake bayarwa, da kin ƙone fa? Miƙe jikin kina yi?” Na gyaɗa kai. Ta ce, “Za ki iya komawa aji idan kina so.”

Nan ne wani abu ya taso mini. Na sha warin ɗakin zabi makonni, sannan in koma aji? Na durƙusa a gaban kowa, na naɗe wandon da kaina har gwiwa, na miƙe jijiyata a tsanake, suna ta kukan zabuwa.

Ban zo ta ɗaya ba, kar in yi muku ƙarya. Amma na shiga cikin waɗanda aka ɗauka, kuma ƙafar ba ta ɗaure ba. Gwaggo har yau ta ce fitilarta ce. Madam ta ce miƙe jiki ne. Washegari dai aka sa labule a tagar.

Sunan Zabuwa ya bi ni, kuma ina amsawa da ƙarfi, abin da sunana na gaskiya bai taɓa samu ba. Wanda yake ganin zagi ne, ya je Gbalahi ya bi zabuwa ɗaya da gudu ya kama ta. Abin da na koya shi ne: idan za ki ɓoye abu don kunya, kada ki ɓoye shi wurin mai ƙaunarki da ke da babur.